Giris a Hannun Rigar Musbahu

Duk wanda ya buɗe littafin nan ba da izinina ba, ya rufe shi tun daga wannan layin. Ke nake nufi, Rumaisa, don na san hannunki ba ya zama wuri ɗaya. Leƙen asirin uwa zunubi ne, kuma in kin karanta zan gani a fuskarki.

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Yau mai keke ya buge ni. A kishingiɗe nake rubutu, ƙuguna ya ƙi zama.

Wajen ƙarfe biyu na rana ina dawowa daga gaisuwar mutuwa, na sauka daga adaidaita a bakin titin Panshekara. Gefen da ya kamata mu bi a ƙasa tireloli sun cika shi, ɗan abin da ya rage ruwan sama ya kwanta, dole mutum ya hau kwalta. Sai ga babbar mota daga Challawa, maza huɗu a kan kekuna sun riƙe ƙarfen bayanta tana jan su, ƙafafunsu ko motsi ba sa yi. Ɗaya ya saki da gudun motar a jikinsa, birki ya ƙi kamawa. A kaina ya tsaya.

Na faɗa cikin taɓo da hijabina na fita unguwa. Maimakon sannu, cewa ya yi me ya hau da ni titi. Gemunsa har da furfura. Wani direban tifa ya leƙo ya haɗa mu ya zage, masu tafiya a ƙasa suka taso wa mai keken, shi kuma ya ɗaga kekensa ya tsere wai za a rufe masa get a wurin aiki. Jami'in titi yana can tsallake, kafin ya ratso motoci kowa ya watse.

Rashin tarbiyya ne kawai. Duk mai rataya a bayan mota, a gida aka fara sakinsa.

Talata, 8 ga Yuli

Maigidana Malam Falalu ya ce abin ya fi damun su direbobi. Shekara goma sha tara yana jan motar kamfanin fata daga Challawa zuwa Bompai, ya ce bai taɓa jin tsoron titi kamar bana ba. Madubi ba ya nuna masu ratayar, nauyinsu ba ya jiyuwa. In ka taka birki ɗaya ya faɗi, jama'a ba za su tambayi wa ya riƙe wa ba, direba za su rufar wa, motar ma sai Allah ya kiyaye ba a cinna mata wuta ba.

Na ce to ya shafa wa ƙarfen giris mana, yadda nake shafa wa ƙafar kabad saboda kiyashi. Wanda ya kama sau ɗaya ya ga hannunsa da rigarsa, gobe ba zai ƙara ba. Ya yi dariya ya ce da ni aka naɗa shugabar direbobi da an huta.

Alhamis, 10 ga Yuli

Ya shafa. Ya ce yau daga Challawa har shataletalen Sharada babu wanda ya daɗe a bayansa. Ta madubi ya hango wani ya tsaya yana goge hannu a jikin ciyawa yana ɗaga masa daƙuwa. Abokin aikinsa Lawan ya karɓi ragowar gwangwanin giris ɗin.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Abin da masu kaki suka kasa.

Juma'a, 11 ga Yuli

Ƙugu da sauƙi. Hijabin bai fita ba.

Lahadi, 13 ga Yuli

Wai yanzu motocin kamfanoni uku sun ɗauka. A wurin mai shayinsu suna kiran abin dabarar matar Falalu. Na ce wa Malam ba na son ana ambatona a majalisar maza. A raina kuma ban ƙi ba.

Litinin, 14 ga Yuli

An fara kamen kekuna a shataletale. Duk wanda aka gani ya rataya ko ya bi hannun da ba nasa ba, a jefa kekensa a bayan motar a-kori-kura. A rediyo da safe an buɗe layi, kowa na kuka da kowa. Mai keke ya ce direbobi na matse su har cikin kwata. Direba ya ce masu tafiya a ƙasa sun mai da kwalta tsakar gidansu. Wata mata ta ce to ta sama za mu bi? Ita kaɗai ta yi magana mai ma'ana.

Musbahu wata biyar ke nan da samun aiki a kamfanin robobi a Sharada, da keken da babansa ya sai masa yake zuwa. Da ya dawo na tambaye shi ko yana cikin masu ratayar. Ya ce, Umma, ni da kuka raina da hannunku? Na ce haka ne. Sai bayan ya fita na lura bai ce a'a ba. Amma ɗana ne, na san abin da na zuba masa.

Laraba, 16 ga Yuli

Ina wanki na ga baƙi a hannun rigar aikinsa. Na hagu, daga bakin hannun zuwa kusan gwiwar hannu, an goge da wani abu amma ya kama zare.

Na zauna a bakin rijiya ina lissafi da kaina. Man sarƙar keke a ƙafar wando ta dama yake taɓa mutum, na sha wanke shi. A kamfani ɓangaren ƙulla kaya yake, ba ya zuwa kusa da inji. Mai keke yana gefen dama na titi, mota ta wuce shi ta hagunsa. Da hagu zai kama.

Na kai rigar hancina. Warin gwangwanin Malam ne.

Alhamis, 17 ga Yuli

Ban ci abinci ba. Rumaisa ta tambaya na ce azumi nake, Allah ya yafe mini.

Abin da ban yi tunani ba ranar da na buɗe bakina: wanda ya kama ƙarfe mai santsi mota na gudu, ba rigarsa kaɗai ke ɓaci ba. Hannu zai zame. Kuma a titin nan babu motar da ba wata a bayanta.

In na gaya wa Malam, ya taɓa rantsewa duk ɗansa da ya kama yana wannan abin zai sa guduma ya farfasa keken. Babu keke babu aiki, adaidaita biyu ake hawa kafin Sharada, da safe kuma sai an yi kokawa. Yaron nan shekara biyu yana zaune bayan sakandare, na ga irin abokan da suka fara tsayawa a ƙofar gida suna kiran sa. Ba na son komawa can.

In kuma na yi shiru.

Asabar, 19 ga Yuli

Na yi niyyar tsare Musbahu yau. Ya shigo da gajiya, ya ce Umma tuwon nan kamar na biki, ya cinye ya ƙara. Na kasa. Ni da ake tsoron bakina a layin nan.

Talata, 22 ga Yuli

Jiya ban iya riƙe biro ba.

Bakwai da rabi na safe Gwaggo Zuwaira maƙwabciyarmu ta shigo ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ta ce mai kai mata burodi ya ce wani mai keke ya zame daga bayan mota kafin shataletale, motar baya ta bi ta kansa, rigar kamfanin robobi ce a jikinsa. Na kira wayar Musbahu a kashe. Kullum a kashe take in ya shiga aiki, a get ake karɓe musu, na sani, amma sanin bai yi mini amfani ba. Sau goma sha ɗaya na kira.

Takalmin Rumaisa na saka na fita. Adaidaita ya sauke mu nesa saboda an tare hanya. Ma'aikata sun jera kekunansu a tsakiyar titi sun ce babu babbar motar da za ta wuce sai an fito da direban. Shi kuwa tuni ya gudu ya bar motar a kunne. Direbobi sun kulle kansu a ciki, wasu samari na dukan ƙofofi da dutse. Jami'an titi uku suna ta busa usur ba mai jin su. Wani yana ɗaga tafin hannunsa baƙi ƙirin yana nuna wa jama'a yana cewa ku gani, da gangan suke yi, kashe mu suke so. Na ja hijabina na rufe rabin fuska kamar wani zai gane ni.

Na ga wurin. An zuba ƙasa a kai. Keken ya lanƙwashe kamar an murɗe waya. Kore ne. Na Musbahu baƙi ne. Na ce alhamdulillahi da ƙarfi, sannan na ji kunyar abin da na gode wa Allah a kai.

Duk da haka ƙafata ba ta yarda ta koma gida ba. Na taka har ƙofar kamfanin. Maigadi ya ce ba a kiran ma'aikaci sai lokacin hutu. Na ce to a nan zai gan ni. Na tsaya a rana, ya kawo benci na ƙi zama. Da ya gaji ya aika a kira Musbahu.

Ya fito da jini a gaban rigarsa. Ba nasa ba ne. Wanda ya faɗi sunansa Inuwa, mutumin Jigawa, a ɓangare ɗaya suke. Ƙarfe ɗaya suka riƙe, Inuwa ta ciki, shi ta waje. Musbahu ne ya ciccibe shi ya sa a adaidaita. Yana da rai, ƙafar ce.

Na ce ashe ƙarya ka yi mini. Na ce giris ɗin ma bai hana ku ba? Sai ya zaro tsumma daga aljihu ya nuna mini. Wai kowa yanzu da tsummansa, ka kama da shi, in ya jiƙe ka juya ɗaya gefen. Inuwa juyawa yake yi.

Na tambaye shi me ya kai shi, gaggawar me yake yi da ransa. Abin da ya ce, yadda ya faɗa:

"Umma, bakwai daidai ake rufe get. Latti uku a wata, an sallami mutum. Daga gida zuwa nan minti arba'in da biyar ne in na tuƙa da ƙafata. Ku kuma sai shida da ashirin da biyar kuke sallamar mu."

Zaman safe yake nufi. Tun suna ƙanana, in an dawo daga sallar asuba kowa zai zauna a tabarma, a karanta shafi biyu, kowa ya kawo haddarsa, sannan in yi musu nasiha a kan abin da na gani ba daidai ba jiya. Shekara goma sha biyar ban fasa ba, ko ranar da na haifi Fauziyya Malam ya riƙe mini. Mutanen layi da shi suke misali.

Na ce me ya hana ka faɗa? Ya ce ya faɗa, satin da ya fara aiki. Wai na ce wanda ya fara da Allah ba ya makara. Na tuna. Ina tankaɗe na faɗa, ko juyowa ban yi ba.

A gaban maigadi na sa shi ya rantse ba zai ƙara taɓa bayan mota ba. Na karɓe tsumman.

Laraba, 23 ga Yuli

Na gaya wa Malam, a gaban yaron, bayan la'asar. Na ɓoye gudumar tukuna.

Bai tashi ba. Sai ya tambayi yaron ko ya taɓa kama tasa motar. Musbahu ya ce sau da yawa, kafin a shafa da bayan an shafa. Ya ce duk masu keke sun san ta, har jiran ta ake yi.

"Taku ta fi daɗin riƙewa, Baba. Ba kwa taka birki da ƙarfi."

Malam ya miƙe ya shiga banɗaki da buta. Na ji yana amai.

Alhamis, 24 ga Yuli

An yi zaman safe kamar kullum. Ba zan bari yaro ya ga tsoro ya sa na sauke abin da na gina ba. Na dai gajarta nasihar. Shida da kwata na sallame su. Duk zaman idon Musbahu na kan agogon bango, ya yi kuskure uku a surar da ya haddace tun yana firamare.

Ya cika rantsuwarsa, da ƙafarsa ya tuƙa. An yi ruwa, hanya ta cushe wajen kamen kekuna. Bakwai da minti huɗu ya isa, ya tarar an rufe get. Ya dawo gida tara da rabi, rigarsa sharkaf, ya jingine keken. Wannan ne latti na biyu a watan nan, ashe akwai na farko da ban sani ba.

Saura ɗaya. Na san abin da zai yi in ya ga agogo ya ci shi a hanya mota na wucewa a hankali ta hagunsa. Rantsuwa ce a gefe ɗaya, aikinsa a ɗaya gefen, shekararsa ashirin da ɗaya. Kuma na karɓe tsumman. Da hannu tsirara zai kama.

Juma'a, 25 ga Yuli

Na ce ciwon kai nake, ba zama yau. Ƙarya ta biyu cikin kwana tara.

Asabar, 26 ga Yuli

Na dafa farfesu da shinkafa na kai wa Inuwa asibiti, Musbahu ya raka ni. Mutum ne siriri mai yawan godiya, ya girmi Musbahu sosai, 'ya'yansa uku a ƙauye. Likitoci sun ce za su gwada ceton ƙafar, ba su yi alkawari ba. Yana ta ba ni haƙuri wai ya ɓata wa ɗana riga. Har da wasa, wai da ma ya daɗe yana neman hutu kamfani ya hana shi.

Matarsa Aina'u ta zo daga garinsu da goyo. Ta riƙe hannuna biyu ta ce yadda ɗana ya ɗauki mijinta, Allah ya ɗauke ni ranar da ba mai ɗaukar wani. Ta ce daga ganin yaron an san gidan da ya fito. Sannan ta juya ga masu dubiya ta ce direban da ya gudu ta bar shi da hukuma, amma wanda ya fara kawo shawarar shafa man nan, ko wane ne, ba ta yafe ba, Allah ya isa tsakaninta da shi. Ɗakin duka aka ce amin.

Musbahu ya dube ni. Ashe ya sani. Ban san tun yaushe ba.

Na motsa leɓena. Ban san me ya fita ba.

A hanyar dawowa, da za mu tsallaka titi, Musbahu ya riƙe mini hannu kamar ƙaramar yarinya, ya tsai da ni har tirela biyu suka wuce. Ban ƙwace ba.

Lahadi, 27 ga Yuli

Malam ya tafi kamfani yau da ba aiki, da galan ɗin kalanzir da buhu, ya wanke ƙarfen motarsa tas. Ya wanke ta Lawan ma ba tare da ya tambaye shi ba. Ya zagaya wurin mai shayi ya roƙi sauran. Wasu sun yarda. Wasu sun ce ranar Litinin da ta wuce da ƙyar suka fita da ransu, ba za su goge ba sai masu keke sun daina, masu keke kuma sun ce ba za su daina ba sai an daina rufe get a fuskarsu. Wani ma cewa ya yi ai daga gidanka abin ya fito.

Ba zan iya bin motocin Challawa ɗaya bayan ɗaya da tsumma ba. Na fitar da magana, ta fi ƙarfina.

Har yanzu ina nan a kan cewa rataya a bayan mota ganganci ne. Wannan ban janye ba.

Litinin, 28 ga Yuli

Jiya bayan magariba na tara su, har Malam. Na ce ba shawara nake nema ba, sanarwa ce, zaman safe ya koma bayan magariba. Rumaisa ta buɗe baki na dube ta ta rufe.

Ba wai zaman safe ne ke da laifi ba. Na duba ne na ga da magariba ƙwaƙwalwa ta fi nutsuwa, Fauziyya ma da safe gyangyaɗi take yi. Dalilin ke nan, duk wanda ya tambaya a layi haka za a gaya masa.

Yau shida saura biyar Musbahu ya fita, kokonsa a filas. Na tsaya a zaure har ya sha kwana. Tabarmar na jingine a bango, gidan shiru, na rasa inda zan sa kaina, sai na share tsakar gida sau biyu. Har aka yi kiran azahar ban daina jin kamar Gwaggo Zuwaira za ta faɗo ba. Ya dawo da la'asar, ya ce shi ya fara isa, har maigadi ya tambaye shi ko a get ya kwana.

Na rubuta dokar a bayan kalanda na manna a ƙofar kicin, na kwafe ta a nan:

Daga yau karatu da nasiha bayan magariba ne. Mai fita aiki da keke ya bar gidan nan kafin shida, ko ina tsakiyar magana ya tashi ya tafi, ba rashin kunya ba ne. Gwangwanin giris ba zai ƙara kwana a gidan nan ba. Duk wanda ya dawo daga titi, uba ko ɗa, zai buɗe mini tafin hannunsa biyu a zaure kafin a zuba masa abinci.